KOWA DA MAGABATANSA: TSAKANIN KWAIKWAYO DA FARFAƊOWA

Bismillahir Rahmanir Rahim.


'Yan uwa, yau zan ɗan kauce daga abin da muka saba. Duk wanda ya ga sunayen makaɗan Turawa a wannan rubutu kada ya yi saurin cewa an yi wa Malam kutse a shafi. Ni ne da kaina. Ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke hukunci.

Kwanakin baya bayan sallar La'asar, na juyo ina fuskantar jama'a, sai idona ya faɗa kan wani saurayi a sahu na biyu. Baƙar riga ce a jikinsa, a ƙirjinta an zana wata halitta kamar busasshiyar gawa, haƙora a waje, a sama an rubuta Iron Maiden. Dattijon da ke gefensa har ya fara harararsa. Da aka watse sai na ja shi gefe na ce, "Ɗan uwa, ka san abin da ke jikin rigar nan kuwa?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, wallahi ban sani ba. A gwanjo na saya, na ga ta zauna min ne kawai." Na ce masa ya daina shigowa da ita masallaci saboda hoton. Ya karɓa da ladabi, Allah Ya yi masa albarka.

Amma gaskiya ni ma da na yi tambayar ban san amsarta sosai ba. Da dare sai na zauna na bincika, kuma abin da na tarar ya fi rigar ɗaukar hankalina.

Iron Maiden ƙungiyar makaɗa ce ta birnin Landan, masu wani irin kiɗa da ake kira hebi metal, mu ce kiɗan ƙarfe. Kiɗa ne mai ƙara, da gitar lantarki da ganguna masu sauri da mawaƙi mai ɗaga murya kamar zai tsaga maƙogwaro. Asalinsa daga Birmingham ta Ingila ne, garin masana'antu. Ƙungiyar da aka fi dangana farkonsa gare ta ita ce Black Sabbath, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai kaɗa musu gita, Tony Iommi, yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe. Sai ya haɗa wa yatsun 'yan huluna da roba, ya koma amfani da tsirkiya mai laushi, daga baya ya sassauta ɗaurinta, sautin ya ƙara kauri da nauyi. Wato wani ɓangare na wannan sauti daga raunin ɗan ƙwadago ya fito.

Kiɗan ya yi tashe sosai a shekarun 1980. Iron Maiden ta fitar da kundinta na farko a 1980, a shekarar ne kuma Judas Priest ta fitar da British Steel, Metallica ta Amurka ta biyo baya a 1983. A lokacin Birtaniya na cikin ƙunci, masana'antu na rufewa, a 1982 marasa aikin yi sun haura miliyan 3. Da yawa daga makaɗan da masu saurarensu 'ya'yan ma'aikatan ƙarfe da haƙar kwal ne. Da aka shiga shekarun 1990 sai yayi ya sauya, wasu salo suka karɓe kasuwa, tsohon salon ya koma kamar kayan tarihi.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bayan an ɗauka abin ya mutu, sai wasu samari suka taso suka ce sai sun dawo da shi yadda yake. Misali, a wani ƙaramin gari mai suna Arvika a ƙasar Suwidin, an kafa wata ƙungiya mai suna Enforcer a 2004, ta fitar da kundinta na farko, Into the Night, a 2008. Samari ne da ba su rayu da wayonsu a lokacin tashen kiɗan ba, amma wanda ya ji su zai rantse faifan 1983 aka sa masa. Irinsu suna da yawa a Kanada da Amurka da Jamus, kuma har yau sababbi na fitowa. Suna tara gashi irin na wancan zamani, suna sa rigar fata da matsattsen wando irin na lokacin, suna farautar tsofaffin kayan sauti, suna buga waƙoƙinsu a faifan garmaho da kaset a zamanin da kowa ke saurare a waya. A Jamus akwai taron shekara-shekara da aka fara a 2003 mai suna Keep It True, wato a riƙe abin a kan asalinsa. Har kalmomi gare su na rarrabe "na gaskiya" da "na jabu", suna kushe duk wanda ya gauraya kiɗan da wani sabon abu.

Da na karanta wannan sai na yi shiru. Na ce, ikon Allah! Ashe su ma suna da magabata, suna da abin da suke ɗauka asali da abin da suke ɗauka ƙirƙira, suna da masu tsanani da masu sassauci.

Kafin na ci gaba, bari na toshe wata ƙofa. Wannan rubutu ba fatawa ba ce a kan kiɗa. Matsayina ba ɓoyayye ba ne: ina kan abin da jamhurin malaman mazhabobi huɗu suke kai na hana kayan kiɗa, ban da abin da aka togace kamar mandiri a biki. Na san Ibn Hazm ya saɓa, ya soki hadisin da ke Bukhari a kan mas'alar, na kuma san malamai irin su Ibnus Salah sun mayar masa da martani. Wannan bahasi ne na wata rana. Haka nan wasa da sunan Shaiɗan da alamominsa, wanda ya cika hotuna da waƙoƙin wasu daga cikin waɗannan ƙungiyoyi, ba abu ne da Musulmi zai ɗauka da sauƙi ba, ko da masu yi sun ce wasan kwaikwayo ne don kasuwa. Suratut Tauba ta koya mana cewa akwai abubuwan da "ai wasa nake" ba ya zama uzuri a kansu.

Amma adalci wajibi ne ko a kan wanda ba mu yarda da shi ba. Ba duk mai sauraren wannan kiɗa ne mai bautar Shaiɗan ba. Su kansu Iron Maiden, da wasu Kiristoci a Amurka suka ƙona faifansu na 1982 saboda sunansa, sun musanta zargin. A Masar, a 1997, an kama gomman matasa masu sauraren irin wannan kiɗa da zargin bautar Shaiɗan, jaridu suka yi ta yayata su, daga baya aka sake su. Amma sunan da aka ɓata ya riga ya ɓaci. Shi ya sa ban yarda a kunyata saurayin nan a gaban jama'a ba. Da an yi masa ihu ranar, wataƙila rigar zai riƙe ya bar masallacin.

Yanzu ga tambayar da nake so mu yi tunani a kai: idan mutum ya dawo da abin da ya wuce daidai da yadda yake, shin ya farfaɗo da shi ke nan?

NA FARKO: BABU WANDA BA SHI DA MAGABATA

Sau da yawa za ka ji ana yi wa mai riƙo da addini gori: "Ku kullum baya kuke kallo, duniya ta ci gaba." To ga samarin Suwidin, ƙasar da ake buga misali da ita a ci gaba, sun waiwaya baya suna neman wanda za su bi sau da ƙafa. Ba wanda ya tilasta su, ba malami, ba iyaye. Zuciyar ɗan Adam ce haka, ba ta iya rayuwa a rataye a iska. Dole ta nemi tushe, ta nemi wasu mutane da za ta ce "waɗannan su ne suka san abin, ni a bayansu nake."

Wanda ya ce shi ba ya bin kowa, ka dubi askinsa da wandonsa da irin kalmomin da yake furtawa, za ka faɗa masa sunan limaminsa. Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddima cewa wanda aka rinjaya yakan kamu da son kwaikwayon wanda ya rinjaye shi, a sutura da ɗabi'a da komai, saboda yana zaton kamala tana wurinsa. Kuma hadisin ramin damo da ke Bukhari da Muslim duk mun san shi. Don haka bin wani ba shi ne abin tambaya ba. Abin tambaya: wa kake bi, kuma ka san kana binsa?

A nan ma akwai bambanci tsakanin saurayin Arvika da saurayin masallacinmu. Na farko ya zaɓi abin da yake bi, ya san tarihinsa, ya san sunayen mutanensa da shekarun ayyukansu. Na biyu ya ɗauki tutar wasu ya rataya a ƙirji bai ma san tuta ba ce. Kuma ba shi kaɗai ba. Nawa ne a cikinmu muke sanye da ra'ayoyin gwanjo, waɗanda wasu suka gama sawa suka jefar, muka tsinta a TikTok muka ce sun zauna mana?

NA BIYU: KWAIKWAYO MATAKI NE, BA MASAUKI BA NE

Kada mu raina kwaikwayo. Duk mai koyo da shi yake farawa. Yaro a makarantar allo rubutun malaminsa yake bi harafi da harafi. Mai koyon ƙira'a yakan fara da muryar Husari ko Minshawi ko Abdulbasiɗ kafin ya samu tasa. Ni kaina, huɗubata ta farko, wallahi har yadda wani malaminmu yake gyaran murya kafin ya kawo aya sai da na kwaikwaya. Wani abokina ya ce min bayan an idar, "Malam, huɗuba ta yi kyau, amma ina kai kake a ciki?" Na ji zafin maganar, amma gaskiya ya faɗa.

Shi ya sa aikin farko yake da uzurin da na biyar ba shi da shi. Masu sharhin wannan kiɗa ma haka suke yi wa sababbin ƙungiyoyi: su yaba ƙwarewa a kundin farko, sannan su tambaya ko akwai wani abu nasu na kansu da zai biyo baya.

Ku lura da wani abu kuma. Kiɗan asali ya fito ne daga hayaƙin masana'anta, daga yatsun da inji ya datse, daga fushin saurayin da ya ga an rufe wurin aikin ubansa. Ko mun ƙi hanyar da suka bi, mun san kuka ne na mai ciwo. Wanda ya zo bayan shekara 25 yana iya kwafo sautin tsaf, ya kwafo rigar, ya kwafo tsayuwar. Abin da ba zai iya saya a kasuwar tsofaffin kaya ba shi ne dalilin da ya haifar da kukan. Ban ce samarin ba su da nasu damuwar ba, kowane zamani da nasa ciwo. Amma idan ka ari kukan wani, ka ari har hawayensa, to kuka kake ko kwaikwayon kuka?

'Yan uwa, a nan ne maganar ta dawo gida.

Mu ma muna cewa muna son mu farfaɗo da abin da magabata na ƙwarai suke kai. Alhamdu lillah, buri ne mai kyau, babu wanda ya fi shi. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: wane ɓangare muka fi saurin ɗauka? Ba wanda ido ke gani ba? Gemu, ɗage wando, rawani, carbi, hijabi har ƙasa, jefa kalmomin Larabci a magana. Kada wani ya yanke maganata ya yaɗa: ban raina sunnar zahiri ba, ni ma ina yi, ina kuma kira a yi. Abin da nake cewa shi ne ita ce ɓangaren da ya fi sauƙi. Gemu da kansa yake fitowa, ba ya buƙatar ka tashi ƙarfe ukun dare. Tela zai ɗage maka wando cikin minti goma. Amma biyan bashin da mai shi ya manta, da faɗin aibin kayanka ga mai saye, da riƙe harshe a kan malamin da ba na ɓangarenka ba, da adalci tsakanin matanka, da biyan yaron shagonka haƙƙinsa a kan lokaci, waɗannan babu telan da zai ɗinka maka.

Sahabbai ba don yankan tufafinsu duniya ta girgiza ba. Abu Jahal ma Larabci yake yi, kuma ya fi mu iyawa. Abin da ya bambanta su shi ne tauhidin da ya zauna a zuciya har ya fito a mu'amala. Idan muka ɗauki kamanninsu muka bar wannan, me ya raba mu da mai tara gashi da rigar fata yana cewa ya dawo da 1983?

NA UKU: FARFAƊOWA TA GASKIYA TANA MAGANA DA ZAMANINTA

Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke bushara da cewa Allah zai riƙa tayar wa wannan al'umma da mai jaddada mata addininta a kan kowace shekara ɗari. Mu dubi waɗanda malamai suka lissafa, me suka yi?

Umar ɗan Abdul'aziz, wanda da yawa suke ƙirgawa a matsayin na farko, halifancinsa bai kai shekara uku ba. An san shi ne da mayar da dukiyoyin da aka ƙwace ga masu su, kuma daga kansa da gidansa ya fara. Ya dubi ciwon zamaninsa, wato zaluncin masu mulki, ya ɗebo maganinsa daga asali.

A ƙasarmu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya rubuta Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a. Amma bai tsaya a rubutun Larabci don malamai ba. Ya yi wa'azi da waƙoƙi da harshen da talaka ke ji, ya yi magana a kan zaluncin sarakuna da harajin da ya wuce ƙa'ida, ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta ɗora da tsarin 'Yan Taru, ilimi ya shiga ƙauyuka wurin mata. Daga hijirarsa zuwa Gudu a 1804 zuwa yau sama da shekara 200 ke nan, har yanzu muna cin moriyar abin da ya dasa.

Kun ga bambancin? Mai kwaikwayo yana tambaya: yaya suka yi kama? Mai farfaɗowa yana tambaya: me ya motsa su, kuma da suna nan yau, a wannan unguwa, da wannan talauci da shaye-shaye da mutuwar aure da bashin da ya yi wa mutane katutu, me za su fara gyarawa? Na farko yana gina gidan tarihi ne. Na biyu rijiya yake yashewa don mutane su sha.

Wani zai ce, "To Malam, ai Alƙur'ani ya zargi masu cewa a kan haka muka tarar da iyayenmu. Me ya raba wannan da bin magabata?" Tambaya ce mai kyau. Abin da aka zarga a Suratul Baƙara da Zukhruf shi ne mutum ya mayar da daɗewar abu ita ce hujjarsa, ko da gaskiya ta zo masa a fili. Tsufa ba hujja ba ne, sabunta ma ba hujja ba ce. Shirka tsohuwa ce, giya tsohuwa ce. Ba ma bin magabata don sun riga mu zuwa duniya. Muna binsu ne don sun sha daga bakin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, kuma wahayi ya yi musu shaida. Saboda haka darajar farfaɗowa tana ga darajar abin da aka farfaɗo. Kana iya ƙwarewa matuƙa wajen tono abin da barinsa a binne ya fi alheri.

Duk da haka, akwai abu guda da zan faɗa ko da zai yi wa wasu ɗaci: himmar waɗannan samari ta ba ni kunya. Saurayi ya kulle kansa a ɗaki shekara da shekaru yana maimaita kiɗa ɗaya har yatsunsa su yi kanta, ya haddace wane ne ya kaɗa me, a wace shekara, a wane gari. Mu kuma da muke da'awar son Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, nawa ne a cikinmu za su iya jero sunayen sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna ba tare da sun leƙa waya ba? Nawa ne suka sauke Arba'una Hadisan ko Ahalari da fahimta? Mai ɓata ya yi wa ɓatarsa hidima da gaske, mai gaskiya yana yi wa gaskiyarsa riƙon sakainar kashi. Wannan ba yabo ba ne gare su, tuhuma ce gare mu.

A watan Yulin 2025, mawaƙin Black Sabbath, Ozzy Osbourne, ya yi wasansa na ƙarshe a Birmingham a zaune kan kujera, saboda ciwo ya hana shi tsayuwa. Bayan kwana 17 ya mutu yana da shekara 76. Al'amarinsa yana ga Ubangijinsa. Amma ku yi tunani: samari suna can suna ƙoƙarin dawo da ƙuruciyar mutanen da su kansu ƙuruciyar ta gudu ta bar su. Shekarun 1980 ba za su dawo ba. Ƙarnin sahabbai ma ba zai dawo ba. Bambancin shi ne abin da sahabbai suka rayu dominsa bai tsufa ba, domin Wanda suka bauta wa Rayayye ne ba Ya mutuwa.

Don haka ga abin da nake roƙon kowa ya yi a daren yau, ni ne farko. Ka ɗauki sunna ɗaya ta zahiri da kake alfahari da ita, ka ajiye ta gefe guda. Sannan ka nemo sunna ɗaya ta ɗabi'a da ka san ka yi sakaci da ita: gaskiya a ciniki, ko sada zumuncin da ka yanke, ko tausasa wa iyali, ko daina cin naman mutane a waya. Ka fara aiki a kanta daga gobe, ba tare da ka sanar da kowa ba. Iyaye kuma, ku riƙa duba abin da ke rubuce a rigunan 'ya'yanku, amma da tambaya za ku fara, ba da tsawa ba.

Shi kuwa saurayin nan, jiya na gan shi a sallar Asuba, a sahun farko, da wata tsohuwar jallabiya. Ita ma da alama gwanjo ce. Amma wannan karon ya san abin da ya sa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya sa mu yi kama da magabata na ƙwarai a zuci kafin a fuska. Allah Ya shiryi matasanmu da mu baki ɗaya.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, kuma ƙofar gyara a buɗe take ga duk wanda zai yi da ilimi da ladabi.

Wallahu a'alam.